Yadda ake neman tsohon jirgin yaƙi mai nutso da yashin bakin teku ya binne

Idan aka ce jirgin yaƙi mai nutso ya halaka, yawancin mutane tunaninsu can tsakiyar teku yake tafiya, inda sai da kayan nutso da maƙudan kuɗi ake isa. Amma akwai jiragen da ba can suka ƙare ba, igiyar ruwa ce ta koro su har gaɓa suka kafe, aka yi ja aka yi ja abu ya ƙi, 'yan gwangwan suka zo suka yanki abinda zasu iya ɗauka, ragowar kuma yashi ya haɗiye a hankali har ta kai mutane suna zama a wurin suna shan iska basu san akwai ɗaruruwan tan na ƙarfe a ƙarƙashinsu ba. Irin waɗannan nake so in yi bayanin yadda ake nemansu, tun daga kan tebur har ranar da za'a tsaya a ce nan ne. Kuma tun yanzu in faɗa, shebur shine kayan aiki na ƙarshe a wannan harka, sau da yawa ma har a gama ba'a taɓa shi ba.

Misalin da zan fi jingina da shi shine K IX, jirgin sojan ruwan Holan da aka ƙera a Vlissingen ya fara aiki a 1923, tsawonsa kusan mita 64. Ya yi zama a yankin da yanzu ake kira Indonesiya, da Japan ta mamaye wurin a 1942 sai ya tsere zuwa Ostireliya, a tashar Sidni ma ya samu rauni a daren da ƙananan jiragen nutso na Japan suka shigo suka harba tofido, wato makamin da ke tafiya a ƙarƙashin ruwa, ya fashe ƙarƙashin jirgin Kuttabul mutum 21 suka mutu. Daga baya sojan ruwan Ostireliya suka yi atisaye da shi, batirinsa ya fashe a 1944, aka mayar da shi na dakon mai. A watan Yuni 1945 wani jirgin Holan mai suna Abraham Crijnssen yana jansa daga Sidni zuwa arewa sai igiyar ta tsinke, teku ya jefa shi gaɓar Fiona kusa da Seal Rocks. Aka sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe, suka kwashi abinda suka kwasa, yashi ya rufe sauran. Sai a 1999 ma'aikatan ofishin adana kayan tarihi na jihar New South Wales suka tabbatar da inda yake kwance da na'urar auna maganaɗisu, yanzu ma Submarine Beach ake kiran wurin. Duk matakan da zan kawo kusan hanyar da ake bi kenan a irin wannan nema.

Mataki na farko takarda ne. Kar ka ce zaka je bakin teku ka fara yawo da na'ura kana fatan sa'a, gaɓa ɗaya tana iya kai kilomita 10 ko fiye kuma kai a rana ɗaya ɗan yanki kaɗan zaka iya aunawa da kyau. Sai ka san wane jirgi kake nema, tsawonsa, nauyinsa, ranar da ya kafe, wa ya saye shi bayan nan, kuma nawa aka yanka aka tafi da shi. Wannan tambaya ta ƙarshe tafi kowacce muhimmanci don ita zata gaya maka ko akwai abin nema ma. Ɗauki U-118 na Jamus, ranar 15 ga Afrilu 1919 ana jansa bayan an gama yaƙin duniya na ɗaya igiya ta tsinke ya faɗo gaɓar Hastings a Ingila daidai gaban otal ɗin Queens, jirgi ne mai tsawon sama da mita 80, dubban mutane suka zo kallo har ana karɓar kuɗi kafin a hau. Amma a tsakiyar gari yake, akwai hanya akwai ma'aikata, don haka aka yanka shi gunduwa gunduwa aka kwashe, in ma akwai saura to ɗan ƙarfen gindinsa ne. K IX kuwa a lungu ya faɗa, wurin da fitar da kaya ke da wahala, shi yasa gangar jikin ta tsira. Kaga tun daga nan ka san wanne ne zai ba na'urarka amsa mai ƙarfi.

Ina ake samun takardun? Tsofaffin jaridu sune kan gaba, Ostireliya suna da Trove na ɗakin karatun ƙasa wanda kyauta ne a intanet, Faransa suna da Gallica, Birtaniya kuma takardun sojan ruwansu suna ma'ajiyar ƙasa da ke Kew. Ka nemi rahoton kwamandan jirgin da ke ja, rahoton masu gadin gaɓa, sanarwar gwanjon jirgin, da wasiƙun da mutanen gari suka rubuta wa jarida suna ƙorafi. Kuma kar ka yarda da majiya ɗaya, ɗan jarida yana iya rubuta "mil biyar kudu da hasumiyar fitila" alhali bai taɓa taka wurin ba, daga bakin wani ya ji. Duk inda aka ambaci nisa ka rubuta shi daban tare da sunan wanda ya faɗa, in ka tara guda biyar ko shida zaka ga sun taru a wani yanki, wannan yankin shine farkon akwatin bincikenka.

Mataki na biyu tsofaffin hotuna, kuma a gani na nan ne aikin yake da daɗi. Jirgin nutso a kan yashi abin kallo ne, kowa mai kyamara sai ya ɗauka, wasu ma an buga su a katin gaisuwa. In ka samu hoto kar ka tsaya kallon jirgin, bayansa zaka kalla. Tsauni, hancin dutse da ya shiga teku, hasumiyar coci, bututun hayaƙin gida, duk abinda bai motsa ba tun lokacin. Misali a hoton ka ga ƙarshen wani tsibiri ya yi daidai da bakin wani dutse, to akwai layi ɗaya tak a duniya da mutum zai tsaya ya ga su a jere haka, sai ka ja wannan layin a taswira. Ka samu wani hoton da aka ɗauka daga wani ɓangare ka ja layi na biyu, inda suka haɗu jirgin yana kusa da nan. Tudun yashi da bishiyoyi da bakin ruwa kam kar ka dogara da su ko kaɗan, a shekara 80 gaɓa tana iya ja baya ko ta ƙaru da mita masu yawa, abinda yake bakin ruwa a 1945 yau yana iya kasancewa ƙarƙashin tudu mai ciyawa.

Sai hotunan sama. Faransa hukumar taswirarsu ta IGN ta saka tsofaffin hotunan jirgin sama a intanet ana dubawa kyauta, Google Earth ma yana da maɓallin komawa shekarun baya. Ana ɗora tsohon hoto a kan sabuwar taswira da manhajar QGIS, itama kyauta ce, ka zaɓi wurare huɗu ko fiye da basu canza ba kamar mahaɗar titi ko kusurwar gini ka ɗaure hoton da su. Amma ga wani tarko da ya sha kayar da mutane, lambobin wuri na tsohuwar taswira ba lallai su yi daidai da na GPS ɗin wayarka ba saboda ma'aunin da aka gina su a kai daban ne. A Ostireliya tsakanin tsohon ma'auni na 1966 da na 1994 akwai bambancin kusan mita 200, wato in baka juya lissafin ba zaka yi wuni kana aunawa a wurin da babu komai jirgin yana can gefe.

Na uku, tsofaffin gari. Masunta, masu gadin daji, dattijon da yana yaro ya hau jirgin ya yi wasa. Ka je da ladabi ka zauna ka saurara, kuma in da hali ka roƙe shi ya taka da kai zuwa wurin don ƙafa ta fi baki tuna hanya. Tambayar da ta fi amfani itace "wace shekara kuka ganshi na ƙarshe, kuma bayan wace guguwa?" domin waɗannan jirage suna fitowa suna komawa. UC-61 na Jamus da ya taso daga Zeebrugge a Beljiyam zai je dasa nakiyoyi ya kafe a Wissant kusa da Kale a Faransa ranar 26 ga Yuli 1917, ma'aikatansa suka lalata shi da hannunsu suka miƙa wuya, zuwa shekarun 1930 yashi ya rufe mafi yawansa, amma mutanen Wissant sun san yana leƙowa lokaci lokaci, a ƙarshen 2018 zuwa farkon 2019 manyan gutsattsari biyu suka fito fili har labarin ya zaga duniya. Saidai fa labarin baki yana riƙe wuri da kyau amma yana ɓata suna, a tsibirin San Telmo na ƙasar Fanama shekara da shekaru ana cewa wani ƙarfe da ke fitowa a gaɓa jirgin Japan ne na yaƙin duniya na biyu, sai a 2001 masanin tarihin jirage James Delgado ya ganshi, bincike ya nuna Sub Marine Explorer ne da Julius Kroehl ya ƙera a New York a shekarun 1860 don nutson lu'ulu'u. Don haka wurin ka karɓa daga bakinsu, sunan kuma ka tabbatar da kanka.

Na huɗu izini, kuma don Allah kar a tsallake wannan. Jirgin yaƙi ko ya shekara ɗari yawanci mallakar ƙasar da ta ke da shi ne sai in ta sayar, wani kuma kabari ne akwai gawarwaki a ciki. A Faransa duk wanda ya ga irin wannan abu doka ta ce ya barshi inda yake ya sanar cikin awa 48, hukumar DRASSM da ke Marsey ita ke kula da su, kuma ko na'urar neman ƙarfe ba'a yarda ka yi neman kayan tarihi da ita ba sai da takardar hukuma. A Birtaniya abinda aka ɗauko daga tarkacen jirgi sai an sanar da jami'in da ake kira Receiver of Wreck cikin kwana 28. A Ostireliya dokar tarayya ta 2018 tana kare jiragen da suka haura shekara 75, ga dokar jiha, ga kuma K IX a cikin gandun Myall Lakes yake wanda shima yana da nasa sharuɗɗan. Yarjejeniyar UNESCO ta 2001 kuma ta ce zaɓi na farko shine a bar abu a inda yake. Shawarata ka rubuta wa hukumar tun kafin ka sayi ko igiya, ka haɗa da taswirarka da hujjojinka, sau da yawa suna murna da mai taimako, wani lokacin ma su ne zasu zo da na'urar da kai baka da kuɗinta.

Na biyar zaɓen rana. Teku yana cika yana janyewa sau biyu a kusan awa 24 da minti 50, wato kullum lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50. Janyewa mafi nisa tana zuwa ne da tsayuwar wata da kuma cikarsa, in kana bin lissafin watan Musulunci ka sa ido a 1 zuwa 3 ga wata da kuma 15 zuwa 17, wajen 8 da 23 kuwa ruwan baya ja sosai. A shekara kuma na wajen Maris da Satumba sun fi kowanne. Amma duk da haka sai ka nemi jadawalin tashar jirgin ruwa mafi kusa don kowace gaɓa da halinta, a wajen Kale bambancin cika da janyewa yana wuce mita 6, a gaɓar New South Wales bai cika kai mita 2 ba. Sannan lokacin sanyi manyan igiyoyi suna kwashe yashi su kai cikin teku, lokacin zafi ya dawo, don haka kwana biyu uku bayan babbar guguwar hunturu shine lokacin da yashin ya fi sirancewa a kan jirgin, ka tuna hunturun Ostireliya Yuni zuwa Agusta ne.

Ka sauka wurin awa biyu kafin ƙarshen janyewa, ka naɗa mutum ɗaya wanda aikinsa kawai kallon agogo da ruwa, kuma in ya ce a tashi a tashi babu gardama. Ruwa in zai dawo a awa ta farko a hankali yake zuwa har ka raina shi, amma rabin duk ruwan a awa ta uku da ta huɗu yake shigowa, kuma a shimfiɗaɗɗen wuri ta baya yake zagayowa ya cika kwari tsakaninka da tudu. A Aberlady ta Sikotilan akwai ƙananan jiragen nutso biyu da jiragen sama suka yi gwajin harbi a kansu a 1946, suna can nesa a fili sai an yi doguwar tafiya a kan yashi, duk mai zuwa can lissafin dawowa yake fara yi kafin na tafiya.

Na shida ka taka wurin da ƙafa ba tare da wata na'ura ba. Kana neman jan tsatsa a yashi, ɗan tafki mai tsawo da baya bushewa bayan ruwa ya ja, wurin da igiya ke karyewa daban da sauran, guntun ƙarfe mai ƙusoshi, baƙin dunƙule mai nauyi da yashi da bawon kifi suka manne masa. In an yarda da tashin duron, wato ɗan jirgin sama mara matuƙi, a wurin ka ɗauki hoto da sassafe lokacin da rana ke ƙasa, inuwa tana fito da tudun da ido baya gani daga ƙasa.

Toh yanzu sai babban aikin, maganetomita, wato na'urar auna maganaɗisu. Duniya kanta tana da maganaɗisu, ana auna shi da ma'aunin da ake kira nanotesla, ƙarfinsa daga kusan 25,000 zuwa 65,000 gwargwadon inda kake, wajen Sidni kusan 57,000, arewacin Faransa tsakanin 48,000 da 49,000. Babban ƙarfe yana lanƙwasa wannan maganaɗisun a kewayensa, na'urar kuma wannan lanƙwasar take aunawa, ba ruwanta da yashi ko ruwan gishiri, ta cikinsu take ji. Akwai mai aiki da furoton, tafi araha amma sai ka tsaya daƙiƙa kaɗan a kowane wuri, akwai mai siziyam da kake tafiya tana ɗaukar awo sau da yawa a daƙiƙa ɗaya. Ba sai ka saya ba, kamfanonin binciken ƙasa suna bada haya, sashen ilimin ƙasa na jami'o'i ma suna da ita. Na cikin waya kam rauninsa ya yi yawa, sai kana tsaye a kan ƙarfen zai motsa.

Lissafin da masu wannan aiki ke riƙewa a ka shine tan 1 na ƙarfe a nisan mita 10 yana bada kusan nanotesla 10, kuma in nisa ya ninka biyu ƙarfin alamar yana raguwa zuwa kashi ɗaya cikin takwas. A ce gwangwan sun bar tan 300, a nisan mita 30 zaka ga kusan 100, a mita 60 kuma 'yan goma sha ne kawai wanda yana iya ɓacewa cikin hayaniya. Daga nan zaka fitar da tazarar layukanka. Ka shimfiɗa dogon tef ɗin awo a tsawon gaɓar ya zama ginshiƙi, ka kafa turaku na katako ko roba, banda na ƙarfe, sannan ka yi layuka tazarar mita 10 a zagayen farko kana ɗaukar awo duk mita 2. In ka samu wurin da lamba ta motsa sai ka dawo ka matse layukan zuwa mita 2 ko 1 a wannan ɗan yankin. A ƙarshe ka ratsa layukan duka da layi ɗaya ko biyu a gicciye, inda suka haɗu lambobin su yi daidai, in basu yi ba akwai matsala a aikin.

Mai riƙe na'urar sai ya tuɓe duk wani ƙarfe, waya, makulli, agogo, bel, takalmi mai ƙusa, har tabarau mai firam ɗin ƙarfe, mota kuma a ajiye ta nesa kamar mita 100. Kan na'urar a ɗaura shi a sanda tsayi ɗaya kullum, wajen mita 1 da rabi zuwa 2, hakan yana rage ihun gwangwanaye da murafan kwalba da ke saman yashi. Wani abu kuma, maganaɗisun duniya yana hawa yana sauka da kansa cikin yini da nanotesla gomomi saboda rana, shi yasa ake ajiye na'ura ta biyu a wuri ɗaya tana rubutawa daga baya a cire bambancin, in guda ɗaya gareka to ka zaɓi turke ɗaya ka riƙa dawowa kana aunawa duk rabin awa kana rubuta lokaci. Ranar da aka yi hasashen guguwar rana kuwa ka huta kawai, awon ranar ba zai yi amfani ba.

Ga yadda abin ke kasancewa a littafinka, misali ne nake bayarwa. Kana tafiya lambobi suna 57,010, 57,013, 57,009, shiru babu labari, sai ka ga 57,060, gaba kaɗan 57,300, sai 58,900, taku biyar kuma ta faɗo ƙasa da inda ta fara zuwa 55,700, sannan ta koma daidai a hankali. Wannan hawa da faɗuwa a jere shine sa hannun ƙarfe, kuma abin yana tsakanin inda lambar ta hau da inda ta faɗo, yafi kusa da inda ta hau. In alamar siririya ce mai tsini a layi ɗaya kawai to ƙaramin abu ne a sama sama, anga ko ganga. In mai faɗi ce mai laushi to abin yana da zurfi ko yana gefe. Abinda kake fata shine alama mai ƙarfi da ta bayyana a layuka da yawa a jere, in ka zuba su a kwamfuta ta zana doguwar siffa da tsawonta ya yi kusa da na jirginka, kuma ta kwanta yadda ka ganshi a tsohon hoto. Amma ka yi hattara da masu ruɗi, a Wissant akwai ragowar gine-ginen kankare masu rodi da Jamusawa suka yi a yaƙin duniya na biyu, wasu gaɓoɓin kuma akwai baƙin yashi mai ma'adinin ƙarfe ko baƙin dutsen aman wuta a ƙasa, ga tsofaffin bututu da wayoyin ƙarƙashin teku. Kafin ka yi murna ka duba ko wani jirgin daban ya taɓa kafewa a nan.

Radar da ke leƙa ƙarƙashin ƙasa tana aiki da kyau a busasshen tudun yashi har ta nuna zurfi, amma da zarar yashin ya jiƙe da ruwan gishiri shikenan ta makance. Na'urar neman ƙarfe ta hannu kuma zurfinta kaɗan ne, amfaninta sai in saman jirgin ya kusa fitowa.

Mataki na gaba tsira, wato soka bututu cikin yashi don a ji abinda ke ƙasa, kuma anan nake so a fi nutsuwa. In hukuma ta yarda, kuma takardu sun tabbatar babu makami a jirgin, ana ɗaukar bututun ƙarfe siriri mai tsawon mita 3 zuwa 6 a haɗa shi da tiyo da ƙaramin inji mai jan ruwan teku, ruwan da ke fita ta bakinsa yana sassauta yashin bututun ya riƙa nutsewa da nauyinsa, kamar dai yadda 'yan fadama ke wanke rijiyar bututu da injin ban ruwa. Hannunka ne zai gaya maka abinda ka taɓa, bawon kifi yana ƙaras ƙaras sannan ya wuce, katako yana da taushi, ƙarfe kuwa tsayawa yake cak ka ji karkarwar har gwiwar hannu. Ka tsira duk mita 1 a gicciyen alamar kana rubuta zurfi, in lambobin suka bada baka, zurfi a gefe, gajere a tsakiya, zurfi a ɗaya gefen, to kana kan abu mai siffar ganga, jikin jirgin nutso kenan.

Jirgin da ya kafe yana bakin aikin yaƙi kuwa ba'a tsira shi sam. Irin su UC-61 nakiya 18 suke ɗauka ga tofido ga harsasan igwa, kuma abin fashewa na wancan zamani tsufa baya kashe shi, wani ma ƙara masa saurin tashi yake. Duk abinda ka gani mai siffar ƙwallo ko dogon bututu mai rufaffen baki kar ka taɓa kar ka ƙwanƙwasa, ka sa alama daga nesa ka janye mutane ka kira 'yan sanda su turo masu kwance bam. Ciki ma ba'a shiga, masu gadin gaɓa biyu da suka riƙa zagayawa da manyan baƙi cikin U-118 a Hastings sun kwanta ciwo suka rasu cikin watanni, an danganta abin da iskar kulorin daga batiran jirgin. Haƙa rami a yashi kuma shi kansa kisa ne, mita ɗaya murabba'i mai zurfin mita ɗaya ya haura tan 1 da rabi, bango yana rushewa ba gargaɗi, wanda ya rufta wa kafin a tono shi numfashi ya ƙare. Wallahi babu hoton da ya kai ran mutum.

In Allah ya sa teku da kansa ya buɗe maka wani sashe, to lokacinka kaɗan ne, ƙila awa biyu ƙila kwana uku. Ka ajiye sandar awo mai alamar santimita a gefe, ka ɗauki lambar GPS a kowane ƙarshe, ka zagaya kana ɗaukar hoto kowanne ya hau kan na baya da kashi 70 cikin ɗari, sau ɗaya a tsaye sau ɗaya a durƙushe, manhaja irin Metashape ko Meshroom zata haɗa su ta fitar da siffar abin a kwamfuta yadda za'a iya aunawa ko bayan yashi ya rufe. Ka auna faɗin gangar, tazarar haƙarƙarin ƙarfen da ke ciki, ka duba ko da ƙusoshi aka haɗa farantan ko walda ce domin jiragen yaƙin duniya na ɗaya ƙusoshi ne. Irin UC II, wato dangin su UC-61, suna da ramuka shida a jere a gaba, kowanne faɗin mita 1, ta nan nakiyoyi ke fita, in ka gansu ka san dangin jirgin. Farfelar jiragen Jamus kuma akan buga lambar jirgi a jikinta, saidai wani lokacin ana musanya farfela wajen gyara don haka a haɗa da sauran hujjoji.

Kar ka ɓamɓare komai ka kai gida, ko ƙusa ɗaya. Banda maganar doka, ƙarfen da ya daɗe a ruwan gishiri gishirin ya shige cikinsa, yashi mai laima da ya toshe iska shi ke riƙe da shi, da ka fito da shi ya bushe zai fara tsagewa yana zubar da ɓawo har ya zama gari. H. L. Hunley, jirgin nutso na zamanin yaƙin basasar Amurka da aka gano a 1995 aka ɗago a 2000, shekaru aka kwashe yana jiƙe a tankin magani ana zare masa gishiri, kuma wannan aiki ne na ƙwararru da kuɗi masu yawa. Ramin tsira ma in ka gama ka mayar da yashi.

Sai rahoto. Ka rubuta ranar da lokacin, yanayin ruwa, na'urar da aka yi amfani da ita, tazarar layuka, ma'aunin da lambobin GPS ɗinka suke kai, taswirar alamar, zurfin da aka samu, hotuna, da takardun da suka kai ka wurin, har wuraren da ka auna baka samu komai ba ka saka don kar wani ya maimaita wahalar. Ka miƙa wa hukumar kafin ka saka komai a Facebook, kuma ko ka saka kar ka bada ainihin lambobin wurin sai sun amince, saboda masu farautar tagulla da jan ƙarfe suna karanta irin waɗannan labaran suma kuma cikin dare ɗaya suke kwance abinda ya fito. Bayan nan ka zaɓi tsayayyen wuri ɗaya a kan tudu wanda zaka iya ganewa, duk bayan babbar guguwa a je a ɗauki hoto daga nan ana fuskantar ɓangare ɗaya, a auna tsayin yashin a kan jirgin, a tura wa hukumar da kwanan wata a jiki.